Bazara: Yadda iyali za su kauce wa haɗuran zafi a cikin gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin saukar damina, zafi a biranen Sakkwato, Maiduguri da Yola yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma a wannan lokaci ne Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ta saba fitar da gargaɗi ga jama'a. Kowa ya san ya guji rana tsaka. Sai dai da yawa daga cikin haɗuran bazara da dare suke aukuwa, a cikin ɗakin da iyali ke kwana.

Rufin kwano da bangon bulo sukan sha rana wuni guda, su riƙa sakin zafin har cikin dare, ta yadda jiki ba ya samun damar hucewa. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko na suga su ne suka fi jigata. Asirce labule da rana da buɗe tagogi bayan faɗuwarta suna rage wannan zafi sosai.

Neman iskar fanka kan sa a tayar da janareta, tsoron ɓarayi kuma ya sa a shigar da shi zaure ko baranda. Wannan kuskure ne da ya sha hallaka iyali gaba ɗaya a dare guda. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda yake ido biyu zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa yana iya zarcewa ba tare da ya farka ba. Wurin janareta shi ne fili, nesa da ƙofa da taga, kuma ba a zuba masa fetur sai an kashe shi ya huce.

Cunkoso a ɗaki marar iska yana kuma buɗe ƙofa ga sanƙarau, cutar da ke yaɗuwa ta tari da atishawa, wadda ta fi ƙamari a watannin rani. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi na farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya da amai, a jariri kuma maɗiga takan kumbura. Tana iya kisa cikin awa 24, don haka jiran wayewar gari ko gwada maganin kemis ganganci ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Hukumar NCDC tana karɓar rahoto kyauta ta lamba 6232.

A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, musamman tsofaffi, waɗanda ba kasafai suke jin ƙishi da wuri ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi. A ƙara yawan shayarwa maimakon ɗura masa ruwa. Idan zafi ya bugi mutum har ya fara ruɗewa, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, sannan a garzaya asibiti. Kada a zuba ruwa a bakin wanda ya suma.

Masu kwana a tsakar gida kuwa su ɗaura gidan sauro, su kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama, su kuma rufe rijiya da duk wani baho ko bokitin da aka tara ruwa a ciki, domin ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da yaro mai rarrafe.