Ko Ka Sani? Akwai 'Yar Ganga a Cikin Abin Sauraron Kunne

Abin nan da samari ke maƙalawa a kunne, wanda Kanawa ke ce wa iyafis, mu kuma a Damagaram muke kiran babbansa kas, ko ka san ganga ce a cikinsa? In ka samu wanda ya mutu, ɓare shi ka gani. Za ka tarar da wata fatar roba, siririya kamar ɓawon albasa, an manna mata naɗaɗɗen zaren tagulla, ga ɗan maganaɗisu a bayanta. Wutar da waya ko kwamfuta ta turo ta bi zaren, sai ya shiga kai da komo, fatar ta kaɗa iska, iskar ta daki dodon kunne. Makaɗin wannan ganga lantarki ne, kuma hannunsa na iya sauka sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, wato iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa.

Na'urar ba ta jiya ba ce. A 1910 wani mutumin Utah a Amurka, Nathaniel Baldwin, ya riƙa haɗa ta da hannu a ɗakin girkinsa, sojojin ruwan ƙasar suka saya. Walkman na kamfanin Sony ne ya fito da ita kan titi a 1979.

Abin da ya ja ni ga wannan zance wani ƙanena ne. Ranar hawan Sallah ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni, fadar da ke tsaye tun zamanin Sarki Tanimun, ya ɗaga waya ya ɗauki busa da kiɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san kakaki ba a kunne kaɗai ake jin sa ba, har a ƙirji yake sauka. Ya tura wa abokai ta WhatsApp, su ma suka tura, har abin ya zagayo ya dawo masa. Sai ya je ya sayi kas mai tsada don ya ji daɗin saurare. Da ya saka, algaita ta koma kukan sauro, ganga kamar ana dukan kwali. Ya ce min, "Yaya, an cuce ni, jabu aka sayar min." Na ce masa kas ɗin bai yi laifi ba, gaskiya ya faɗa masa. Na arha ne ke rufa wa mummunan sauti asiri.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta ajiye sauti, lambobi take ajiyewa. Tana auna motsin iska sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta rubuta kowane awo. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana awo sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Shi kuma MP3, da injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, dabararsa zubarwa ce: yana cire abin da yake ganin kunne ba zai lura da shi ba. CD na kwararo da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da ya fi yawo a katin memori kuwa 128 ne. Kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya ke nan an watsar. Shi ya sa mai tura waƙa a kasuwar Dole ke iya cusa maka ɗaruruwan waƙoƙi a ɗan kati guda. Irin wannan zubarwar ce ta sami ɗaukar ƙanena a WhatsApp. Abin da aka zubar kuma ya tafi ke nan, ko kas na miliyan ba ya dawo da shi. Mai son sauti cikakke sai ya nemi FLAC, wanda ke matse fayil kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba.

Sai kuma wanda ake tallatawa da sunan sauti mai zurfin awo: bit 24, awo sau 96,000 ko ma 192,000. A nan ni dai ina da ja. Ƙa'idar lissafin ita ce a auna ninki biyu na sauti mafi siranta da ake son kamawa, kuma 44,100 ya riga ya haura ninkin 20,000. Ballantana mu da muka ba arba'in baya, da yawanmu kunnen ya daina kaiwa can. Manyan lambobin nan mai ɗauka da mai gyara a situdiyo suka fi yi wa amfani. Tsohon kaset na mawaƙi Ɗan Alalo kuwa, ko an juye shi zuwa bit 24, kaset ne dai, da shuuu ɗinsa.

Wajen zaɓen kas, fara duba bayansa. Akwai mai rufaffen baya, akwai mai buɗaɗɗe, irin wanda Sennheiser ya fara fitarwa a 1968. Buɗaɗɗen yana ba da sauti mai fili, kamar kana tsaye a dandali, amma duk ƙarar kabu-kabun Zango za ta shigo maka, na kusa da kai kuma zai sha kiɗa kyauta. Na ɗaki ne, da dare. Sannan ka karanta lambar om a jikin kwali. Mai om 32 waya za ta iya da shi. Mai 250 ko 600 kuwa sai da ƙaramin amfilifaya, in ba haka ba ya yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar amarya. Kada ka manta da matashin kunnen: na fatar roba, zafin watan Afrilu da gumi kan sa ya riƙa saɓulewa, na ƙyalle ya fi jure wa ƙasarmu, sai dai yana shan ƙurar hunturu.

A kwamfuta, na'urar da ke mayar da lambobi sauti ana ce mata DAC. Ta cikin laftof sau da yawa tana kwaso 'yar ƙara, musamman in an jona caja, don haka wasu ke sayen ta waje, kamar ɗan yatsa, a soka ta USB. A Windows, shiga saitin sauti ka daidaita awon da na fayil ɗinka, ka kashe duk kwalliyar da aka ce tana ƙara wa sauti armashi. Manhaja irin foobar2000 tana iya riƙe hanyar sautin ita kaɗai, ta yadda Windows ba za ta cakuɗa shi da ƙararrawar saƙo ba. Ka kuma yi amfani da igiya, domin Bluetooth ma sai ya matse sautin kafin ya aika. Batun ƙarfin murya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba.

Ƙanen nawa dai daga baya ya samo ɗaukar da wani mai kyamara ya yi da makirfo na gaske, ba ta bi ta WhatsApp ba. Ya saka kas ɗin nan da ya kira jabu, ya yi shiru, can ya ce yana jin ƙarar kakaki na dawowa daga bangon fada, har da kacau-kacau ɗin linzamin dawaki a bayan masu busa.