Jari Ya Karye, Ga Marmarin Komawa Jami'a: Ta Ina Za A Fara?

  

Wasiƙa ce ta kawo mu yau. Wata baiwar Allah ce daga Hayin Dogo a Samaru ta aiko, ta kuma roƙi in sakaya sunanta. Ta ce tana aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello aure ya zo, ta ajiye karatu, yau shekara 8 ke nan. Tana daga cikin ɗakinta take sayar da atamfa da mayafai, tana karɓo kaya bashi daga wani shago a kasuwar Sabon Gari. Da aka shiga 2023, ƙarancin takardun naira ya zo, cire tallafin man fetur ya biyo baya, waɗanda ta ba kaya suka kasa biya, jari ya karye. Yanzu mai shago yana binta, 'yan adashi suna binta. Ta ce kullum in ta ga ɗalibai mata suna wucewa sai zuciyarta ta motsa. Tambayarta ita ce, wadda ake bi bashi tana da bakin cewa za ta koma makaranta? In tana da shi, da wane kuɗi?

'Yar uwa, amsar a taƙaice ita ce e, kina da shi. Amma akwai tsari, kuma da bashin za a fara.

Ki ɗauki takarda da biro, ki rubuta duk wanda yake binki, da nawa ne, da ranar da kuka yi da shi. A ɗaya gefen ki rubuta waɗanda kike bi. Sannan ki ware naki da na maigida. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ta miji tasa ce, haka ma bashi. In shagon maigida ne ya karye, ba a kama ki a kai, sai fa in kin tsaya masa lamuni ko kin sa hannu a takardar rance. Mata da yawa suna kwana da damuwar bashin da ba nasu ba.

Wanda yake naki kuwa, kada ki ɓuya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma ta umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Amma sassaucin na wanda ba ya da shi ne. Wadda ta ɓoye sarƙar zinare a ƙasan adaka tana cewa babu, ta ci haƙƙin mutane. Ki tura maigida ko yayanki su zauna da mai shagon, a gaban mai unguwa ko limami, a yanka abin da za ki iya bayarwa duk wata, a rubuta. Ki kuma gaya musu da bakinki cewa kina shirin komawa karatu. Gara su ji daga gare ki da su gan ki da jakar littattafai a bakin ƙofar jami'a, su ce da kuɗinsu kike yi.

In bashin na banki ne, akwai abin da ya kamata ki sani. Tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗin mai bashin, ko da a wani banki yake. To kin ga, wani ɗan'uwa zai iya turo miki kuɗin rajista da yamma, ki wayi gari sun tafi. Maganin shi ne ki je bankin a sake tsara miki biya tun da wuri.

Sai maganar takardu. Sakamakon WAEC da NECO ba ya tsufa. Abin da jami'a take nema shi ne kiredit 5, har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. In akwai giɓi, ana rubuta jarrabawar masu zaman kansu daga gida, ba sai kin sa kayan makaranta ba. Amma gurbinki na da, shi yana ƙarewa. A ƙa'idar jami'o'in ƙasar nan, digiri mai shekara 4 ba ya wuce shekara 6. Don haka wadda ta yi shekara 8 a gida, ba ta kuma rubuta takardar jingine karatu ba, ta sa a ranta sabon shiga za ta yi. Ke kuma da kike ciki yanzu kuɗi suka yanke miki, don Allah kada ki ɓace haka kawai. Ki rubuta wa shugaban sashenku takardar neman jingine karatu, ki ajiye kwafi.

Ƙofofin shiga uku ne. Ta farko, jarrabawar JAMB, ki fara daga aji ɗaya, kina zuwa kullum. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, babbar harabarta tana nan Samaru, masu karatun shari'a da na sha'anin mulki kuma suna Kongo. Ta biyu, shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ga mai NCE ko difloma ko sakamakon IJMB, jarrabawar da ita wannan jami'ar ce take kula da ita. Wannan ya rage miki kuɗin shekara guda cur. Ta uku, karatu daga gida. Jami'ar tana da cibiyar karatu daga nesa, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Darussa suna zuwa miki ta waya ko kwamfuta, fitarki ta jarrabawa ce. Ga matar kulle wannan ya fi sauƙin samun amincewar maigida.

To, ga inda gizo ke saƙar: ƙofar da kika zaɓa ita za ta nuna inda kuɗi za su fito.

A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai rance, hukumar NELFUND ta fara karɓar masu nema a watan Mayun shekarar. Rancen ba ruwa a cikinsa, wannan ya kwantar da hankalin masu gudun riba. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba sa bi ta hannunki. Da aka fara shirin, an kuma sa naira 20,000 duk wata na ɗawainiya ga wanda ya nema. Dokar farko ta 2023 ta ce sai an kawo masu tsaya wa mutum biyu, ta 2024 ta cire wannan sharaɗi. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Za a nemi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da shaidar cewa makaranta ta ɗauke ki.

Sai dai ki riƙe abu uku. Na ɗaya, ɗaliban makarantun gwamnati aka yi wa tanadin. Na biyu, ƙa'idojin hukumar sun ce wanda aka tabbatar ya ƙi biyan bashin banki zai iya rasa rancen. Kin ga dalilin da ya sa na ce a fara gyara wancan. Bashin mai shago da na adashi ba ya cikin rajistar bankuna, amma yana rubuce a wurin Allah. Na uku, rance ne, ba kyauta ba. Bashi ne a kan bashi, sai ki zaɓi karatun da za ki iya cin abinci da shi, irin koyarwa ko aikin jinya, inda kullum ake neman mata su kula da mata.

Bayan wannan akwai hukumar ba da tallafin karatu da rance ta Jihar Kaduna. Ki sa wani ya riƙa duba miki sanarwarta, ki kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu. Akwai zakka. Masu bashi suna cikin mutum 8 da Suratut Tauba ta lissafa, matuƙar ba a saɓo ko almubazzaranci aka ci bashin ba. Ba abin kunya ba ne ki sanar da mai hali a danginku. In zakka ta sauke bashin, ɗan abin da kike samu sai ya koma makaranta.

Sannan sana'ar hannu. Samaru gari ne na ɗalibai, kuma ɗalibi ba ya rabuwa da yunwa. Zoɓo, kunun aya, awara, dambu, kitso, lalle, duk ba sa son babban jari. Naira 500 a asusu kullum, a wata ta zama 15,000, a shekara 180,000. Ki raba biyu, rabi ga masu binki, rabi ga karatu. Sai dai wannan karon, hannu da hannu. Bashi ne ya kayar da ke, kada ki sake ba da kaya a kan sai albashi ya zo.

Abin da nake roƙonki ki guje shi ne rancen nan na cikin waya. Minti biyar sun turo kuɗi, mako biyu ruwa ya hau, in kin makara su bi lambobin da ke wayarki suna aika wa surukai da maƙwabta saƙon cin mutunci. Haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi ko rancen gwamnati, ɗan damfara ne. Neman rancen kyauta ne.

Saura maigida. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci ya huta, ki kawo masa takardar lissafinki: ga bashi, ga yadda za a biya, ga kwanakin fita, ga wadda za ta riƙe yara. Namiji ya fi saurin yarda da abin da ya gani a tsare. Lokacin da nake karatun aikin jarida a Samaru, akwai matar aure a ajinmu da take zuwa da goyo, ƙanwar mijinta tana riƙe mata jaririn a ƙarƙashin bishiya har a fito lacca. Tare muka gama. Marubuciyar nan ta Kano, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, ta ajin yaƙi da jahilci ta dawo, ga shi har an fassara littafinta zuwa Turanci.

'Yar uwata ta Hayin Dogo, ba lallai ne bana ki shiga aji ba. Bana ki rubuta bashin, a zauna da masu shi, ki ciro takardunki daga ƙasan akwati ki duba abin da ya rage. Baɗi, in Allah ya kai mu, ki sayi fom. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa, ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.