Haɗa Kwale-kwale Mai Inji a Gida: Abin da Ya Kamata Ƙungiya Ta Sani

Wanda ya ji an ce jirgin ruwa a ƙasar Zazzau zai yi dariya, gama mu ba mutanen bakin Kwara ba ne. Amma manoman da gonakinsu suke ƙetaren kogin Galma ba su ɗauki zancen da wasa ba. A Samaru ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa kuwa a watannin Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. A lokacin nan Galma takan cika ta malala cikin fadama, Kubanni ma da ta bi ta Samaru ta wuce Sabon Gari takan kawo nata ruwan ta ƙara mata. Mai shinkafa ko rake a wancan ƙetare sai ya yi dogon zagaye ya nemi gada, ko kuwa ya shiga wani tsohon kwale-kwale yana kwarfe ruwa da ƙwarya har a kai gaci.

Saboda haka waɗansu ƙungiyoyin gama kai suka tambaye mu, ko kafintan gari zai iya haɗa musu jirgin katako wanda za a ɗaura wa inji. Amsarmu ita ce zai iya. Sai dai jirgi ba ƙofa ba ne, ba kuwa benci ba. Benci in ya karye, mutum ya faɗi ƙasa ya tashi ya kaɗe rigarsa. Jirgi in ya tsage, a tsakiyar ruwa yake tsagewa.

Inda gwanayen suke

Kakanninmu na bakin ruwa sassaƙa jirgi suke yi daga gungumen itace guda. Da manyan itatuwa suka yi wuya, sai aka koma haɗa shi da falankai da ƙusa. A arewacin Nijeriya aikin nan ya yi ƙarfi a Yawuri da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, musamman bayan an gama madatsar a 1968, ruwa ya yi faɗi, ana bukatar manyan jirage. Haka kuma a Baga, bakin tafkin Chadi. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifi ta tarayya da kwalejin koyon aikin su. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta buga littattafan zanen ƙananan jiragen katako tun shekarun 1970, akwai na mai shimfiɗaɗɗen gindi, akwai na mai gindi kamar harafin V, da awon kowane katako a ciki.

Shawararmu ta fari ke nan. Kada kafinta ya ƙago siffar jirgi daga kansa. A samo zanen da aka riga aka gwada. In da hali, ƙungiya ta biya masa kuɗin mota ya je Yawuri ya zauna mako biyu wurin masu sana'ar, yana miƙa musu ƙusa yana kallo. Kuɗin nan ba zai zama asara ba.

Wane irin jirgi?

Galma ba ta da zurfi ko'ina, ga yashi, ga kututture a ɓoye. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi shi ya dace da irin wannan ruwa, shi ne kuma mafi sauƙin haɗawa, domin ba a bukatar lanƙwasa katako da yawa. Ga ƙungiya mai mutum ashirin ko talatin, jirgi mai tsawon ƙafa 20, faɗin ƙafa 4, da bango mai tsayin inci 20 ya isa. Bangon ya ɗan buɗe waje ta sama, kamar bakin akushi, domin jirgi ya ƙara tsayawa daidai sa'ad da aka yi masa lodi.

Sayen katako a Sabon Gari

Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 Sabon Gari ta zama mashigar kayan kudu, har yau kuwa a can 'yan katako suke. Amma ba kowane katako ake kai wa ruwa ba. Farin katako marar nauyi, irin wanda ake yin silin da akwati da shi, yakan ruɓe da wuri. A nemi loko, wanda 'yan kasuwa suke kira iroko, ko maɗaci, ko kawo. Kawo yana da ƙarfi ƙwarai amma yana da nauyi, ya fi kyau a yi haƙarƙarin jirgi da allon baya da shi. Falankan jiki su zama masu kaurin inci ɗaya.

Ku tafi da kafintan, ku juya kowane falanki ku duba. Wanda yake da ido, ko tsaga, ko ramin ƙwaro, a ajiye shi. Wanda yake da farin gefe ma haka, gama farin nan shi ne sashen itacen da yake kusa da ɓawo, shi yake fara ruɓewa ko a jikin loko ne. Filawud na kasuwa, wanda ake yin kabad da shi, kada a kusance shi. Gam ɗinsa ba ya jure ruwa, yakan ɓare kamar albasa. Akwai filawud na jirgin ruwa musamman, amma yana da tsada, ba kuwa kullum ake samun na gaske ba.

Ɗanyen katako ba ya aiki. A jera falankan a inuwa, bisa duwatsu saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakaninsu domin iska ta ratsa, a bar su waɗansu watanni. Wanda ya saya a watan Nuwamba zai iya soma aiki a Fabrairu ko Maris, jirgi ya shirya kafin ruwa ya sauka.

A nan akwai wani abin lura da ya shafi ƙasarmu. Hunturun Zariya yakan busar da katako fiye da kima. In aka matse irin wannan katako gam-gam, ran da ya shiga ruwa zai kumbura, ya ture ɗan'uwansa, ya tumɓuke ƙusa. Saboda haka a bar 'yar tazara tsakanin falankan gindi, kamar kaurin tsinken ashana. Ruwa da kansa zai rufe ta.

Yadda ake haɗawa

Kafin a buga ƙusa ta fari, a auna ƙofar gida. Jirgi mai ƙafa 20 ba ya juyawa a cikin zaure. A yi aikin a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, inda mota ko keken shanu zai iya isowa, in ba haka ba sai an fasa katanga.

A kife ake haɗa jirgi. Da fari a kafa doguwar gada ta katako a ƙasa, a daidaita ta da ma'aunin magina. A kanta ake jera haƙarƙarin, kowane ƙafa biyu ko biyu da rabi, da goshin jirgi a gaba, da allon baya. A ja igiya daga goshi zuwa tsakiyar allon baya, a tabbata kowane haƙarƙari ya raba ta biyu daidai. In an yi kuskure a nan, jirgi zai yi ta karkata gefe guda muddin ransa.

Sa'an nan a buga dogayen sanduna biyu inda bango zai haɗu da gindi, a bi da falankan bango, dama da hagu bi da bi. Daga ƙarshe a rufe gindi da gajerun falankai a gicciye. A ƙarƙashin gindin a buga dogon katako guda daga gaba zuwa baya, shi zai riƙa shan gugar yashi.

Ƙusa ta zama mai rufin zinki, wadda ba ta saurin tsatsa. Baƙar ƙusa ta kafinta takan cinye a cikin ruwa, kanta yana nan a waje kamar lafiya lau, cikinta kuwa ya zama zare. A huda katako da abin huji kafin a buga, domin loko da kawo sukan tsage. Allon baya shi yake ɗauke da inji da dukan girgizarsa. A yi shi da kaurin inci biyu, a ɗaure shi da noti, a tokare shi da katako ta ciki. Tsayinsa ya bi ƙafar injin: inci 15 ga mai gajeriyar ƙafa, inci 20 ga mai doguwa.

Toshe kafofi kuwa, kayan aikin suna gidanmu. A murza auduga ta zama igiya, a tura ta cikin kowace tsaga da dusasshen ƙarfe, a hankali, ba da ƙarfi ba. A bi da narkakkiyar kwalta. A shafa kwalta a dukan gindi ta waje, sama kuma a yi fenti shafi uku. In an kai shi kogi, a bar shi ya kwana uku a ruwa marar zurfi. Yoyon ranar fari ba abin tsoro ba ne. Wanda bai tsaya ba bayan kwana uku, a fito da jirgin a nemi wurin.

Lissafin lodi

Wannan shi ne sashen da muke roƙo a karanta a gaban dukan 'yan ƙungiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi yakan nutse har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Jirgin da muka kwatanta, kowane inci huɗu da ya shiga ruwa yana ɗauke da kilo 500 ko kusa da haka. Bangonsa inci 20 ne, ba mu yarda ya nutse fiye da rabi ba, watau inci 10. Wannan ya ba mu kilo 1,250. A cire nauyin jirgin kansa, a ce kilo 400. A cire inji da tankin mai, kilo 50. Saura 800. In matuƙi da yaronsa suka shiga, abin da ya rage bai wuce buhu shida na masara mai kilo ɗari ba. In mutane ne, goma har da matuƙi.

A ja jan layi da fenti a jikin jirgi daidai inci 10 daga gindi. Ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko shugaban ƙungiya ne yake tsaye a gaci.

Ba tsoro muke ba ku ba, abin da ya faru ne muke tunawa. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya tsage a kan Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne aka ceto da rai. A ƙarshen Nuwamba na shekarar nan, a madatsar Watari ta Ɓagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A Yuni na 2023 fiye da mutum ɗari suka halaka a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, suna komowa daga biki da dare. Watari ba teku ba ce, madatsa ce irin waɗanda muke da su a nan. Lodi fiye da kima, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, su ne ake ta ambatawa bayan kowane irin wannan hatsari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto.

Ƙungiya ta sa kuɗin riguna goma cikin kuɗin jirgi tun daga fari. A kuma ɗaure jarkoki marasa kome, rufaffu da kyau, ƙarƙashin kujeru, musamman ta baya inda nauyin inji yake. Jarka mai lita 25 tana riƙe kusan kilo 25 a kan ruwa. Filafili biyu, da doguwar gora, da bokitin kwarfa, da igiya, kada su rabu da jirgi.

Zancen inji

Mutane suna son babban inji, amma jirgi mai lodi yana da iyakar gudunsa. Mai ƙafa 20 ba ya wuce kilomita 10 ko 11 a awa, in an ƙara masa wuta sai ya tsuguna ta baya, ya tada igiyar ruwa, ya sha mai a banza. Inji mai ƙarfin doki 8 ya ishe shi, 15 shi ne iyaka. Yawancin injunan da ake gani a ruwayenmu, irin su Yamaha, ana garwaya musu fetur da baƙin mai. A bi abin da littafin injin ya ce. Ga da yawa daga cikinsu kashi ɗaya ne cikin hamsin, watau rabin lita a tanki mai lita 25. Da an tada inji a duba ko yana tsartar da ruwa ta baya. In ba ya yi, a kashe nan da nan, ciyawa ko yashi ya toshe shi, zai ƙone. A wuri marar zurfi a ɗaga ƙafar injin a koma ga gora, domin farfela tana da tsada.

A tuna kuma, madatsar Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan Kubanni da madatsar Zariya da ke kan Galma ruwan sha ne na jama'a. Ba a sa jirgi mai inji a cikinsu sai da izinin masu kula da su.

Kafin ku yanke shawara

Inji yakan fi jikin jirgin tsada. Muna ba da shawara a haɗa jirgin tukuna, a yi damina guda da filafili da gora, magatakarda yana rubuta kowace ƙetarawa da kowane buhu. In mashigin bai fi jifa biyu ba, wataƙila ku ga ba ku bukatar inji sam, kuɗin ya tafi ga taki ko injin ban ruwa. In kuwa tafiyar mai nisa ce, bisa ko gangaren kogi, littafin zai nuna ko kuɗin haya zai riƙe mai da gyara.

Kuɗin da jirgi ya samo a raba shi uku: na mai, na gyara, da na ajiya domin sabon jirgi, gama katako ba ya dawwama. A naɗa matuƙi guda wanda ya iya iyo, a ba shi ikon hana kowa shiga. Da rani a fito da jirgin a ɗora shi bisa duwatsu a inuwa, a soki kowane falanki da wuƙa. Inda wuƙa ta shige da sauƙi, a canja katakon kafin damina.

Ku kai zancen nan taronku na wata. Ƙungiyar da ta riga ta gwada, ta rubuto mana irin katakon da ta yi aiki da shi da abin da ya ba ta wahala, domin 'yan'uwa na sauran wurare su ƙaru.