Gishiri, yashi da garin ƙarfe: darasin da ya faro daga tsakar gida

Yaro ya dawo daga kwaleji da tambaya cikin littafinsa na shimi, wato kimiyyar sinadarai: an cuɗanya gishiri da yashi da garin ƙarfe a kwano ɗaya, ta yaya za a raba su? Da yawa daga cikinmu iyaye mukan ce wannan aikin malamin boko ne, mu sallami yaron. A ganinmu kuskure ne, domin uwar da ke shiƙa da tankaɗe kullum ta riga ɗanta sanin tushen amsar.

Tushen kuwa guda ne: a nemo abin da ya bambanta kayan da suka cuɗe. Rariya tana aiki da girman ƙwaya. A shiƙa iska ke ɗauke ƙaiƙayi ta bar hatsi. Mai rege shinkafa a ƙwarya ta san tsakuwa ce ke nutsewa ƙasa, kuma haka masu wankin zinariya ke yi, tunda zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen jeranta aikin. Da maganaɗisu ake farawa, tun kayan suna bushe, a naɗe shi cikin takarda don garin ƙarfen ya zube da zarar an zare shi. Wanda ya fara zuba ruwa ya wahalar da kansa: garin ya manne da jiƙaƙƙen yashi, ruwan gishiri kuma yana gaggauta tsatsa. Bayan haka ne ake zuba ruwa a motsa, gishiri ya narke, a tace da ƙyalle mai tsabta, yashi ya tsaya a sama. Kada a yi rowar ruwa: mililita 100 ba ta narkar da fiye da kimanin giram 36 na gishiri, ragowar sai ta zauna cikin yashin. Ruwan da aka tace a shanya shi a faranti, rana ta ɗauke shi, gishiri ya bayyana.

Wannan mataki na ƙarshe sana'a ce a Tigidda-n-Tesum, cikin jihar Agadas. Can ake jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwa, a bari laka ta kwanta, a kai ruwan ƙananan gurabe ya ƙafe.

A aji malami kan ƙara da haɗa garin ƙarfe da farar wuta. Maganaɗisu yana raba su, amma in aka gasa su sai su zama wani sabon abu da ba ya rabuwa ta wannan hanya. Wannan gwaji a bar wa makaranta, hayaƙin farar wuta yana cutar da huhu. Na gishiri da yashi kuwa ana iya yin sa a tsakar gida, babba na kusa, sai dai gishirin da ya fito kada ya shiga miya.