Idan Aka Ce Mai Kisa Ba Shi da Hankali: Me Kotu Ke Nema a Gaskiya?

Duk lokacin da aka yi kisan kai mai tayar da hankali, sannan aka ji alƙali ya ce a kai wanda ake tuhuma asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ba sai an gaya maka abin da za a faɗa a majalisu ba. Ka zauna wajen mai shayi a Ƙofar 'Yandaka cikin birnin Katsina bayan sallar isha'i, ko ka leƙa Facebook, maganar ɗaya ce: "Shi ke nan, an kashe maganar." Wani ya ce haukan ƙarya ne, wani ya ce lauya ne ya kitsa masa, wani kuma ya jawo karin maganar nan da ke cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Daga ƙarshe sai a tashi a kan cewa wannan dabara ce ta dokar Turawa, wadda aka ƙirƙiro don mai gata ya kashe ɗan talaka ya koma gida.

Fushin jama'a yana da dalili. Wanda aka kashe masa ɗa ko uwa, ya ga shari'a tana ta jan ƙafa shekara da shekaru, dole ya riƙa zargin duk wani abu da zai ƙara ɗage zama. Sai dai wannan fahimta da ta yaɗu kuskure ce, kuma tana cutar da mutanen da ba su da bakin kare kansu.

Mu fara da zancen cewa Turawa ne suka kawo mana ita. Gaskiya ne ta Ƙofar 'Yandaka Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, kuma dokokin da suka biyo bayansa sun sauya tsarin shari'a a ƙasar nan. Amma ɗauke hukuncin kisa daga kan mahaukaci ya riga shi zuwa da ɗaruruwan shekaru, yana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure. Ɗalibin fiƙihu ya san hadisin da ya ambaci mutum uku da aka ɗauke musu alƙalami, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Marwan ɗan Hakam, lokacin yana gwamnan Madina, da aka kawo masa mahaukaci ya yi kisa. Ya rubuta wa Halifa Mu'awiya yana neman hukunci, amsa ta zo cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi. A wannan littafin dai, Marwan ya sake tambaya a kan wanda ya yi kisa cikin maye, sai Mu'awiya ya ce a kashe shi. Tun a ƙarni na farko na Musulunci ke nan an raba tsakanin wanda cuta ta ɗauke wa hankali da wanda ya gusar da nasa da hannunsa.

Kuma fiƙihun Malikiyya bai bar jinin mamaci ya tafi a banza ba. Kisan mahaukaci ana ɗaukarsa a matsayin kuskure, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila. Wanda kuma haukansa ke zuwa yana tafiya, idan ya yi kisa a lokacin da yake cikin hayyacinsa, hukuncinsa ɗaya da na kowa.

Ita dokar Turawan, ma'auninta ya samo asali ne daga wani lamari da ya faru a Landan a watan Janairun 1843. Wani mutum mai suna Daniel M'Naghten, wanda ya daɗe yana ganin 'yan jam'iyya mai mulki suna farautar rayuwarsa, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel. Kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali. Mutanen Ingila suka yi ca, har Sarauniya Biktoriya ta nuna ɓacin ranta, abin da ya sa Majalisar Dattawan ƙasar ta tara manyan alƙalai suka fitar da ƙa'idoji masu tsauri. Waɗannan ƙa'idoji ne suka shiga dokar laifuka ta Indiya ta 1860, daga can suka bi ta Sudan, suka iso cikin kundin Final Kot na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda jihohinmu suka gada suka gina nasu a kai.

Sashe na 51 na wannan kundi gajere ne, kuma ƙofarsa ƙunci gare ta. Abin da yake nema shi ne a tabbatar cewa, a daidai lokacin da mutum ya aikata abin, cutar hankali ta hana shi sanin abin da yake yi, ko ta hana shi sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. A nan ne mafi yawan masu muhawara ke zamewa, domin sun ɗauka duk wanda aka taɓa kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato ya riga ya mallaki takardar tsira.

Ka ɗauki misalin ido. Masu ciwon ido suna da yawa a gari: wannan yana ganin hazo-hazo, wancan ba ya gani da dare, wani sai da tabarau. Amma idan ɗayansu ya taka tiren mai talla ya ɓarar mata da kaya, ba za a sallame shi don kawai ya nuna katin asibitin ido ba. Za a tambaya ne ko a lokacin da ya ɗaga ƙafa yana ganin tiren ko ba ya gani. Mai tabarau da ya gani ya taka, biya zai yi. Haka mai ciwon damuwa, ko mai saurin fushi, ko ma mai cutar sikizofireniya da ke shan maganinsa yana kasuwancinsa, duk suna iya aikata laifi suna sane, kuma doka za ta kama su. Wanda doka ta ɗauke wa alhaki shi ne wanda a wannan lokacin hankalinsa ya makance gaba ɗaya: matar da hankalinta ya rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa har take ganin jaririnta ba mutum ba ne, cutar da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, ko saurayin da ke jin muryoyi dare da rana har ya sakankance cewa wanda ya shigo ɗakinsa dodo ne ya zo cinye shi.

Sannan nauyin tabbatar da hakan yana wuyan wanda ake tuhuma ne. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an nuna akasin haka, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta bar wannan nauyi a kansa. Kotun Ƙoli ta sha faɗin irin shaidar da ake dubawa: tarihin lafiyarsa, yadda ya kasance dab da faruwar abin da kuma bayansa, abin da 'yan uwa da maƙwabta suka sani, abin da gandirobobin da suka tsare shi suka gani, rahoton likita, da ko akwai cutar a danginsu. Munin kisan kaɗai, ko rashin wani dalili da ake gani, bai isa hujja ba. Wanda ya sayi wuƙa tun da safe, ya laɓe, ya ɓoye gawa, ya wanke jini, ya kashe wayarsa ya gudu, ayyukansa sun riga sun ba da shaidar ya san abin da ya yi. Wanda kuma ya yi tatul da ƙwaya ko sholisho da ganin damarsa, Final Kot tana ɗaukarsa ya san abin da zai sani da bai sha ba.

To, ba za a iya yaudarar likita ba? Ana gwadawa, amma da wuya a dore. Binciken ba na zaman minti goma ba ne. Akan kwantar da mutum makwanni, ma'aikatan jinya suna rubuta barcinsa, cin abincinsa da yadda yake mu'amala idan ya ɗauka ba a kallonsa. Mai haukan ƙarya yakan zaƙe: ya yaga riga, ya yi ta sambatu idan ya hango likita, a tambaye shi sunansa ya ce bai sani ba, amma da an kawo tuwo sai ya zauna ya ci sarai, dare ya yi ya shari barci. Mai cutar gaske kuwa sau da yawa rantsuwa yake yi lafiyarsa ƙalau, yana jin haushin a kira shi mahaukaci. A Amurka, wani bincike da aka yi a jihohi takwas ya nuna ba a kai kashi 1 cikin 100 na manyan shari'u ake kawo wannan kariya ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu kawo ta ke yin nasara.

Abin da ya fi ɓacewa mutane shi ne makomar wanda ya yi nasarar. Ba gida yake komawa ba. Kotu tana rubuta cewa shi ya aikata, sannan ta ba da umarnin a tsare shi a wuri mai tsaro har sai hukuma ta ga dama, ba tare da ranar fita ba. M'Naghten ya mutu a tsare a 1865, bayan fiye da shekara 20. John Hinckley, wanda ya harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, sai a 2016 ya bar asibiti. Akwai kuma wata tambaya dabam da kotu ke yi, wato ko mutum yana da hankalin da zai fahimci shari'ar da ake masa yanzu. Idan babu, dakatar da ita ake yi a yi masa magani, ya warke a ci gaba.

Saboda haka rashin adalcin da ya kamata ya dame mu yana wani gefen ne. Wa zai kawo shaidar taɓin hankali a madadin talaka? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Yaron da ya fara magana shi kaɗai a ƙauyen Batsari ko Jibiya, abin da aka fi yi shi ne a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu, in abin ya ci tura a ɗaure shi a turu a ƙuryar gida, ko a miƙa shi gidan mari. Ba mu manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da maza da yara, mari a ƙafa, ƙarfe ya cinye fatar idon sawu. Irin wannan yaro ba shi da kati, ba shi da fayil, babu likitan da ya taɓa ganinsa. Ranar da ya ɗauki taɓarya ya illata wani a gida, babu takarda ko ɗaya da za ta yi magana a madadinsa. Ko dai ya fuskanci igiya, ko ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan, cutarsa tana ƙaruwa babu magani.

Shi ya sa lauya ya zama tilas a shari'ar rai. A babbar kotu, ko mutum ya amsa laifin kisa da bakinsa, alƙali yana rubuta cewa bai amsa ba, a kawo shaidu a tabbatar. Katsina tana da darasi a kan wannan. A watan Nuwamban 2001 wata kotun shari'ar Musulunci a nan ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukuncin kisa bisa kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002. Laifin mai girgiza zuciya ne, kuma taɓin hankali ba shi ne jigon shari'arsa ba. Abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta nunawa shi ne an yi shari'ar babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. Idan aka saba da irin wannan gaggawa, ranar da mai cutar gaske ya tsaya a gaban alƙali babu wanda zai ɗaga hannu ya ce a duba shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da wani mutum mai suna Ma'izu ya zo yana iƙirarin laifi a kan kansa, sai da ya binciki lafiyar hankalinsa kafin a zartar masa da hukunci.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga mulkin mallaka. Mataki ne mai kyau, amma doka a takarda ba ta duba maras lafiya. Abin da jiha ke buƙata a bayyane yake: likitan ƙwaƙwalwa da ke ziyartar gidan yari a kai a kai, ɗaki mai tsaro a asibiti domin waɗanda kotu ta tura, wa'adin da za a kawo rahoto don kada iyalan mamaci su gaji da zirga-zirga, da kuma duba waɗanda aka tsare lokaci-lokaci. Ya kamata kuma kotuna da masu unguwanni su raya batun diyya, domin dangin da aka yi wa rashi su san jinin ɗan uwansu yana da daraja ko da ba a yi ƙisasi ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, su ne ma yara ke jifa a titi muna kallo. Ƙalilan da ke zama haɗari, galibi sun daɗe suna nuna alamu: rashin barci na kwanaki, zargin ana sa musu guba a abinci, daina wanka, yin magana da wanda ba a gani. Duk gidan da ya ga haka ya garzaya asibiti, a haɗa addu'a da magani, kada a bar shan maganin don an ga sauƙi, a kuma adana kati da takardun magani wuri guda. Yin hakan yana kare ran mutanen gida tun kafin a kai ga kotu, idan kuma ƙaddara ta faɗa, alƙali zai sami abin da zai rarrabe mai cuta da maƙaryaci.