Dila Iri Uku

A Ajingi, in ka ji an ce dila ya shigo gari, kada ka yi saurin ɗauko sanda. Tambaya tukuna, wane dila?

Na fari shi ne na daji, mai kama da kare, mai kuka da dare, mai ɗauke kaji da 'yan awaki. A tatsuniya shi ne malamin daji, sarkin wayo, shi ya sa akan ce da mutum mai dabara dila. Dabam yake da yanyawa, wadda ta fi shi ƙanƙanta.

Na biyu ƙunshin gwanjo ne, irin wanda ake kwancewa a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano.

Na uku daga Turanci muka aro shi, wato babban ɗan kasuwa mai sayen kaya da yawa. Da kaka yakan zo kasuwar Gaya, sa'ad da gero da gyaɗa suke araha. Sana'arsa ba laifi ba ce. Amma maigida, keɓe abincin iyalinka na shekara kafin ka sayar. Wanda ya kwashe rumbunsa da kaka, da tsada zai sayo hatsi a watan Agusta.