Mu San Hanyarmu: Gogunu, Ƙasar Shanu da Auduga

Da yawanmu nan Zangon Kwatano mun sha wucewa ta Gogunu a kan tirela, amma kaɗan ne suka san yadda ƙasar take. To, ga bayani a taƙaice.

Gogunu ƙaramar hukuma ce a jihar Alibori, arewacin Benin, kan babban titin da ya taso daga Kwatano ya bi ta Faraku da Kandi har Malanbil. Daga nan Zango kimanin kilomita 600 ne, kuma tana kudu da Kandi kaɗan. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanenta sun haura 117,000, galibinsu Bargawa ne da Fulani. Damina ɗaya suke yi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Bargawa sun fi ƙarfi a noman auduga da masara da dawa, Fulani kuwa a kiwo. Idan gonakin auduga suka faɗaɗa, burtali ya kan matse, daga nan ne rigimar manomi da makiyayi ke tasowa.

Asalinta yankin Borgu ne, inda kakanninmu suka riƙa ratsawa da ayari zuwa Gwanja sayen goro. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu biyu, shi ya sa har yau dangi ɗaya za ka tarar rabi a Benin, rabi a Nijeriya. Jihar Alibori kanta a 1999 aka yanke ta daga Borgu.

Abin da ya fitar da sunan Gogunu shi ne kasuwar shanunta. A da, dillali ne ke tsakiya: mai sa bai san nawa aka saya ba, mai saye bai san nawa aka ba mai sa ba. Tun shekarun 1970 makiyaya suka tashi tsaye a kan wannan, har suka karɓi ragamar kasuwar. A tsarin da suka kafa, mai dabba da mai saye su yi ciniki ido da ido, dillali ya koma mai shaida, a biya kuɗin kasuwa ƙayyadadde, a rubuta takarda. Wasu kasuwannin arewa sun kwaikwayi wannan tsari.

Ina ruwanmu da wannan? Takardar nan ita ce garkuwarka ranar da wani ya tare ka ya ce san sata ka ɗauko. Kuma tun da Benin ta hana shigowar garken ƙetare a Disamba 2019, aka kuma rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mun ga amfanin sanin kasuwannin cikin gida.

Saboda haka, in ka sauka Gogunu, kada ka yi cinikin bayan fage don gudun 'yan kuɗin takarda. Arha ba ta ado. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.